Doki ko Kwakwa: Kafin a Mayar da Cacar Sule Karta

Ɗan ƙanwata ya same ni a gida a Agege wata Lahadi bayan La'asar, da ɗan ƙaramin kwali a aljihun gaban riga. Aikin zane yake yi da kwamfuta a wata maɗaba'a a Shomolu, inda ake buga kalanda da katin biki da fastocin 'yan siyasa. Bayan mun gaisa ya buɗe kwalin ya baza mini karta 40 a kan tabarma, 20 da hoton doki, 20 da hoton bishiyar kwakwa. Tun bai buɗe baki ba gabana ya faɗi, don na san wannan doki da wannan kwakwa tun ban cika shekara goma ba.

"Kawu, wasanku na dā na farfaɗo da shi," in ji shi. "Sule ya ɓace, to bai kamata wasan ya bi shi ba."

Ga wanda bai riski zamanin ba: da aka bar fam aka koma naira ranar 1 ga Janairun 1973, kwabo goma ne ya gaji sunan sule. A fuska ɗaya akwai tambarin ƙasa mai dawakai biyu, a ɗaya fuskar kuma bishiyoyin kwakwa. Mu yaran unguwa, ranar sallah in aljihu ya yi nauyi da barka da sallah, sai mu zagaya bayan layin dogo inda idon manya ba ya kaiwa. Ɗaya ya ɗora sule biyu a tafin hannu ya cilla sama. In suka faɗo fuska ɗaya, doki da doki ko kwakwa da kwakwa, mai cillawa ya ci. In suka saɓa, abokin karawarsa ya kwashe. Iyakar wasan ke nan. Kafin a kira Azahar yaro ɗaya ya tattara kuɗin sallar yara biyar, sauran su koma gida suna ƙirƙiro ƙaryar da za su yi wa uwa.

Abin da yaron nan yake so shi ne ya buga kwali dubu, ya rubuta "wasan gargajiya" a jiki, ya kai unguwannin Hausawa na Legas irin su Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago, in ya karɓu ya tura Kano. Ƙa'idarsa ita ce tamu ta bayan layin dogo: a cakuɗa, mai rabawa ya zaro biyu ya kife, a buɗe. Har ya zana ƙananan takardu masu kama da kuɗi da za a riƙa zubawa. Na ce masa a yadda yake ɗin nan ban yarda ba, ko kwali ɗaya ba zan bari ya shiga gidana ba. Amma ban ce ya yar da tunanin ba. Mun daɗe muna ja-in-ja, kuma tun da na ji ba shi kaɗai ne matashin da ke neman kuɗi a tsofaffin wasanni ba, na ga gara maganar ta fito fili.

Ya kira abin gado, kuma ba ƙarya ya yi ba, wasan ya girmi sule nesa ba kusa ba. Kalmar "kuɗi" kanta jam'in "wuri" ce. Jiragen ruwa ne suka riƙa sauke wuri a gaɓar nan ta Ikko, na tsibiran Maldibs da farko, daga baya na gaɓar Zanzibar, fatake suna haurawa da shi Arewa a buhuna. Da shi kakanninmu suka yi caca: a watsa 'yan ƙwayoyi a ƙasa, a ƙirga waɗanda suka faɗi a buɗe da waɗanda suka kife. Abin ya yi ƙarfin da Turawa, da suka rubuta kundin laifuffuka, sai da suka ambaci cacar wuri da sunanta a sashe na 236, a jere da wasan karta da babu gwaninta a cikinsa. Da wuri ya faɗi, wasan ya koma kan kwabo mai huda a tsakiya. Da kwabo ya tafi, ya koma kan sule. Ku lura da wannan tafiya da kyau. Duk lokacin da kuɗi ya sauya kama, wasan ya tashi ya bi shi kamar jela. Dara ba ta taɓa yin wannan ƙaura ba. Gurbi 30 a cikin rairayi, 'ya'ya 12 kowane ɓangare, ko tsinke ko tsakuwa, haka take tun kaka da kakanni, don daɗinta a cikin kan 'yan wasa yake. Ayon Yarbawa da nake gani ana bugawa a ƙarƙashin bishiya a Mushin ma haka ne. Cillin sule kuwa bai mutu don mun manta al'ada ba. Sulallan ne suka mutu. Na ƙarshe da Babban Banki ya fitar a 2007, kwabo 50 da naira 1 mai hoton Herbert Macaulay da naira 2, yau ko mai ruwan leda ba zai karɓa ba. Wuri ma sunansa kawai ya rage a jikin katin Cowry da muke shiga motocin bas na BRT da shi.

Sai na ce wa yaron mu gwada. Na kira ƙannensa biyu, muka zauna mu huɗu, ba ko sisi a tsakaninmu. Aka zaro, doki da kwakwa. Aka zaro, kwakwa da kwakwa. Ba a kai zaro na goma ba ƙaramar ta miƙe ta ce za ta je ta taya mamanta wanke-wanke. Yarinyar da ake bi da tsawa kafin ta taɓa kwano! Ban ƙara masa bayani a kan wannan ba, shi ma ya gani. Wasan da babu zaɓi a cikinsa, babu dabara, babu abin tunawa, in ka cire kuɗin babu abin da ya rage. Bugun zuciyar da muke ji a bayan layin dogo, na sulen da ke ƙasa ne, wanda zai iya zama nawa ko ya bar ni har abada. Duk wanda ya sayi kwalin nan zai gano haka a daren farko, kuma maganin gundurar a bayyane yake: a sa ɗari biyu-biyu don abin ya yi armashi. Mai zane bai ce a sa ba, amma ya gina ɗaki mai ƙofa ɗaya.

Akwai kuma abin da shi kansa bai lura da shi ba, sai da muka ɗauki biro. Sule biyu in an cilla, hanya huɗu ce: doki-doki, kwakwa-kwakwa, doki-kwakwa, kwakwa-doki. Biyu na mai cillawa, biyu na abokinsa, raba daidai. Karta ba haka take ba. In ka zaro ta farko daga 40, saura 39. A cikinsu 19 ne irin wadda ka zaro, 20 kishiyarta. Ke nan saɓani ya fi dacewa yawan fitowa, 20 a kan 19. A ƙa'idarsa kuwa ya juya tamu a wuri ɗaya, mai rabawa ne ke riƙe da saɓani. Wannan ɗan bambanci da ido ba ya gani ya kai kusan kashi 2.6 cikin 100 na duk kuɗin da aka zuba, kusan daidai da ribar da gidajen caca na Turai ke ci a kan faifan nan mai juyawa mai gurbi 37. In ana zuba dubu ɗaya a kowane zaro, a tsawon lokaci mai rabawa na tsira da dubu ɗaya a duk zaro 39, ba tare da ya yi maguɗi ko sau ɗaya ba. A tashar mota za a yi zaro 39 kafin shayi ya huce. Yaron kirki mai salla a kan lokaci ya ƙera wa uban caca injin tatsar mutane bai sani ba. Ban ma taɓo maganar alama ba. Sule a sama yake juyawa kowa na kallo, karta kuwa ana lanƙwasa mata kusurwa, ana karce bayanta da farce, ana ɓoye ta a hannun riga.

Abin da ya sa na ɗauki maganar da zafi haka, na taɓa ganin ƙarshenta da idona. Shekarun baya wani ɗan ci-rani yana kwana a barandar shagona, dakon kwandunan tumatir yake yi a Mile 12. Wata takwas yana ba ni ajiya, yana tara kuɗin aure. Wata rana ya karɓi kaɗan, washegari ya karɓi fiye da haka, rana ta uku ya ce in ba shi duka. Na tambaye shi, "Malam, lafiya?" Ya ce lafiya lau, wata 'yar harka ce. Ashe wasu ne ke zama a bayan manyan motoci da kartar Whot, kuma ba Whot ɗin suke bugawa ba, yankawa kawai suke yi, mai babbar lamba ya kwashe. Cillin sule ke nan da rigar takarda, an riga ɗan ƙanwata ƙirƙiro shi. Wani ya koya masa wai in an ci ka sai ka ninka, dole wata rana ka fanshe. Ku yi lissafin da kanku. Ka fara da 500, ka ninka zuwa 1,000, zuwa 2,000, haka har sau bakwai, ka zubar da 63,500, duk don neman ribar 500. Faɗuwa bakwai a jere kuwa tana zuwa sau ɗaya a cikin 128, wato mai zama kullum sai ya gamu da ita. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Mutumin nan bai je gida sallar nan ba, bai je ta gaba ba. Har yau ina jin nauyin cewa ni na ƙirga kuɗin na miƙa masa ban tsananta tambaya ba.

Yaron ya kawo mini hujjar Ostireliya, ya ce ai Turawa ma suna da irinsa kuma suna alfahari da shi. Gaskiya ne. Suna kiransa Two-up, kwabo biyu ake ɗorawa a kan ɗan katako a cilla, mutane sun yi da'ira suna zuba kuɗi. Sojojinsu sun buga shi sosai a Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi ya sa ya zama abin tunawa. Sai dai ya manta rabin labarin. A yawancin ƙasar doka ta hana shi, ta buɗe masa ƙofa ranar 25 ga Afrilu, ranar tunawa da sojojinsu, sai 'yan wurare ƙalilan irin garin Broken Hill da aka ba izini na musamman. Mutanen da suka fi kowa ƙaunar wasan ba su yaudari kansu ba, sun kira shi caca, sun kewaye shi da shinge. Mu kuma da addininmu bai ba mu ko rana ɗaya ba, mu ne za mu liƙa masa "gargajiya" mu ajiye a kan shiryayye kusa da ludo?

Maisir, wato cacar da Alƙur'ani ya hana a Baƙara aya ta 219 da Ma'ida aya ta 90 da 91 shi ma wasan gargajiya ne a wurin Larabawa. Kibau goma ake zubawa a jaka, bakwai masu rabo, uku wofi, a kan naman raƙumi, kuma sau da yawa wanda ya ci talakawa yake rabawa. Da tsufansa da karamcinsa aka hana shi, aka kuma faɗi dalili: yana jefa gaba da ƙiyayya, yana shagaltarwa daga ambaton Allah da salla. Hadisi ingantacce ya ce wanda ma ya ce wa abokinsa zo mu yi caca, to ya yi sadaka. Tsufan abu ba ya wanke shi.

Legas kuma ba Kano ba ce. A can Hisbah na rufe shagunan caca. A nan kuwa sana'a ce mai lasisi, akwai hukumar jiha da ke kula da ita, kuma a Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa jihohi ne ke da ikon tsara harkar, a ƙarar da Legas ɗin ce ta shigar. Daga tashar jirgin Agege zuwa Pen Cinema ka ƙirga rumfunan cacar lambobi ta Baba Ijebu da shagunan cacar ƙwallo, ka ƙara da wadda ke cikin wayar kowane yaro. Tun da aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a Yunin 2022, samarinmu da yawa sun rasa abin yi, zaman majalisa ya yi tsawo, aljihu ya yi sauƙi, zuciya na neman hanyar gaggawa. Shinge ɗaya da ya rage wa yaron Bahaushe a garin nan shi ne kunya. Yana waiwaye kafin ya shiga shagon caca, kada wani ɗan garinsu ya gan shi. Kwali mai rubutun Hausa da hoton doki, wanda za a buɗe a tsakar gida gaban uwa da ƙanne, wannan kunyar zai cire. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuma da hannunmu za mu tsaga.

To me ya hana ni cewa ya ƙona kartar mu huta? Wani dattijo da muke salla tare haka ya ce, "Alhaji, ka ce masa ya nemi wata sana'ar kawai." Na fahimce shi, kuma na san Risala da muka karanta a zaure ta hana nardu (wasan jefa ƙwayoyi masu lamba) da shaɗaranji (wasan chess) kai tsaye, malamanmu na Malikiyya suna da tsanani a kan wasannin zama ko babu kuɗi. Ni ba malami ba ne, na kuma gaya wa yaron ya kai abin gaban malaminsa kafin ya kai maɗaba'a. Amma na san unguwata. Hani kaɗai bai taɓa raba samari da tebur ba. In an tashi daga aiki a mayankar Oko-Oba ko an sauke kaya a tashar jirgin ruwa ta Apapa, sai an zauna, sai an taɓa wani abu. Tambayar ita ce me za a taɓa.

A nan ne lissafin da ya tsorata ni ya ba ni fata. Sule ba shi da tunani. Ko doki ya fito sau biyar a jere, cilli na shida rabi da rabi ne, duk mai cewa "yanzu kam dole kwakwa ta zo" yaudarar kansa yake yi. Karta kuwa tana riƙe abin da ya wuce, muddin ba a mayar da wadda aka zara ba. In an zari 30 daga cikin 40, aka ga doki 18 da kwakwa 12, mai lura ya san goman da suka rage doki 2 ne kwakwa 8. Wanda ya ƙirga ya fi wanda bai ƙirga ba. Wani masanin lissafi a Amurka, Edward Thorp, da wannan dabara ya girgiza gidajen caca a 1962, har suka riƙa sauya ƙa'idojinsu. Abin da ya zama musu matsala shi ne mu zai zama mana mafita, don inda ƙwaƙwalwa ta sami aiki, daɗi ya sami wata mahaifa ban da aljihu.

Na ce masa ya daina zarowa daga tsibi kamar mai jiran hukunci. Ya raba wa kowa biyar a hannu. Kowa ya zaɓi wadda zai kife da kansa, ya faɗi abin da yake zato kafin a buɗe, dacewa ko saɓani. Kada a cakuɗa sai tsibin ya ƙare, don mai ƙirga ya ci moriyar ƙirgarsa. A yi bibbiyu, abokin wasa na fuskantar abokin wasa, a koyi karanta fuska da ɓoye niyya. Rabawa ta riƙa zagayawa, kada a sami kujerar da ta fi sauran riba. A ƙirga ci da maki zuwa 12, adadin 'ya'yan dara, wanda ya kai ya tashi wasan, don wasa mai ƙarshe ya fi wuyar zama rami. Takardun nan masu kama da kuɗi kuwa ya cire su gaba ɗaya, kada ya koya wa hannun yaro motsin zubawa. In wata rana wani ya zo masa da maganar mayar da shi manhajar waya mai asusun ajiya, ya san ko wane ne ya zo.

Ya ce, "Kawu, ai in an yi haka ba wasanku ba ne kuma." Na ce ƙwarai kuwa. Abin da ya cancanci a ajiye daga wancan zamani shi ne dokin da kwakwar, da da'irar yara, da ihun da ake yi in an buɗe. Sauran a bar shi a bayan layin dogo. Whot ma da muke ɗauka tamu ce, a Ingila wani mai suna William Storey ya ƙirƙiro ta a 1935, mu muka ƙara mata dokokinmu, ɗauki biyu, kowa ya je kasuwa, saura ɗaya, har ta fi zama 'yar Najeriya fiye da 'yar can. Wasa na sauya hali a hannun masu shi. In baƙuwa ta zama 'yar gida, ɗan gida ma zai iya shiryuwa.

Na san abin da za a ce: wanda ya yi niyya ko a kan dara sai ya zuba kuɗi, ko a kan wace mota ce za ta fara fitowa daga tasha. Haka ne, kuma babu mai zanen da zai iya toshe wannan. Amma akwai tazara mai nisa tsakanin wasan da ɗan caca ya zo ya lalata da wasan da ba ya tashi sai da ɗan caca. Mai wuƙa a Oko-Oba ba a tuhumarsa don wani ya yi ta'asa da irin wuƙarsa, amma wanda ya ƙera abin da ba shi da wani amfani sai ta'asar, shi da Allah. Ina so masu maɗaba'a da ke karɓar irin wannan aiki, da shugabannin matasa a fadar Sarkin Hausawa, da kwamitocin masallatanmu, su riƙa yin gwajin da na yi a kan tabarma kafin su sa albarka ko su yi tir: a zaunar da yara huɗu ba ko sisi, a ga ko za su nemi a sake.

Ya tattara kartarsa bai ce ya yarda ba. Bayan kwana tara ya kira ni ya ce ya cire takardun kuɗin, ya ƙara karta huɗu masu hoton dalar gyaɗa irin ta jikin tsohon kwabo 25, wai duk wanda ya kife ta ya juya zagayen. Ban san ko za ta gyara wasan ko za ta ɓata lissafin ba, sai mun zauna da biro. Asabar mai zuwa zai kawo sabon bugun teburin mai shayin layinmu bayan Isha'i. Na ce ya zo da ƙanwar nan tasa, ita nake so in ga ko za ta tashi.